Yadda ake sayen gida a Indiya daga ƙasar waje ba tare da magini ya cuce ka ba

Kafin maganar farashi, ka fara tabbatar da cewa doka ta ba ka damar saye. A ƙarƙashin dokar musayar kuɗin waje ta 1999, wadda ake kira FEMA, ɗan Indiya mazaunin waje da mai riƙe da katin OCI (katin da Indiya ke ba masu asalin Indiya da ke da takardar zama ɗan wata ƙasa) suna iya sayen gidan zama ko shago, amma ban da gona da gidan gona. Wanda ba shi da asalin Indiya kuma yana zaune a waje, misali ɗan Najeriya da ke zuwa Delhi neman magani ko kasuwanci, ba ya iya saye; abin da ya rage masa shi ne haya da ba ta wuce shekara biyar ba. Wanda ya auri ɗan Indiya mazaunin waje ko mai katin OCI yana iya shiga sayen gida ɗaya tare da abokin aurensa, idan an yi wa auren rajista kuma ya kai shekara biyu. Duk dillalin da ya ce zai bi da kai ta bayan gida da sunan wani, kuɗinka yake so.

Mataki na biyu shi ne binciken kamfanin ginin, kuma ana iya yin rabinsa daga kan kwamfuta. Dokar RERA ta 2016, mai kula da harkar gina gidajen sayarwa, wadda ta fara aiki gaba ɗaya ranar 1 ga Mayu 2017, ta wajabta rajistar duk aikin da filinsa ya wuce murabba'in mita 500 ko gidajensa suka wuce takwas. Kowace jiha tana da shafinta, kamar MahaRERA a Maharashtra. Ka nemi lambar rajista, ka shigar da ita da kanka, ka duba taswirar da aka amince da ita, ranar kammalawa da aka rubuta wa hukuma, rahoton ci gaban aiki na kowane wata uku, da ƙorafe-ƙorafen da ke kan kamfanin. Ranar da ke cikin yarjejeniyar sayarwa ita ce ke aiki a shari'a. Wadda ke takardar talla sau da yawa ta fi ta kusa. Sannan ka bincika ko an kai kamfanin kotun NCLT, mai shari'ar kamfanoni, kan bashin da ya gagare shi biya.

Girman suna ba ya isa shaida. An rushe dogayen benaye biyu na kamfanin Supertech a Noida ranar 28 ga Agusta 2022 bisa umarnin Kotun Ƙoli, saboda an gina su ta hanyar karya ƙa'ida. A Maradu da ke Kochi an rushe benaye a Janairu 2020 don sun shiga yankin gaɓar ruwa da aka haramta gini. A rukunin Chintels Paradiso na Gurugram kuwa, wani sashe na bene ya rufta a Fabrairu 2022, mata biyu suka mutu, bincike ya gano gishirin kulorayid ya yi yawa a kankaren har ya ci rodi. Biyun farko matsalar takarda ce, na ukun matsalar kayan aiki ce, kuma kowacce da mutumin da ke gano ta.

Na takarda, lauya ne. Ka ɗauki naka, wanda kai kake biyansa, ba wanda kamfanin ko dillali ya kawo ba. Ya bi tarihin mallakar filin na shekara 30, ya karɓo takardar da ke nuna babu bashi ko jingina a kansa, ya duba rajistar CERSAI, inda ake rubuta kadarorin da aka jinginar wa bankuna, ya ga izinin fara gini, ya kuma tabbatar cewa hawan da gidanka yake yana cikin taswirar da aka amince. A Bengaluru ya duba ko takardar Khata, wato rajistar gidan a hukumar birni don biyan haraji, ta rukunin A ce, domin ta rukunin B tana wahalar da neman bashin banki da sake sayarwa.

Na kayan aiki kuwa, injiniya ne mai zaman kansa. Ka tura shi wani rukunin gidaje da kamfanin ya gama shekara biyar zuwa bakwai da suka wuce, zai fi kyau a lokacin damina, tsakanin Yuni da Satumba. A nan ne gaskiya take fitowa: danshi a bango, ruwa kwance a wurin ajiye motoci na ƙasa, tsagewa a ginshiƙi, tsatsar rodi da ta ɓullo a ƙarƙashin baranda, lif da ke yawan tsayawa. Ya zauna da shugabannin ƙungiyar mazauna wurin ya tambaye su ko kamfanin yana zuwa gyara idan an kira shi. Gidan gwajin da ake nuna maka ta bidiyo ba ya gaya maka komai, an ƙawata shi ne don talla.

Daga nan sai lissafin kuɗi, inda yawancin masu saye daga nesa ke shan mamaki. Ka nemi cikakkiyar takardar farashi a rubuce. Ɗauki gidan rupi miliyan 10 da ake kan ginawa. Harajin GST, wato harajin kaya da ayyuka, kashi 5 ne, wato rupi 500,000. Ƙananan gidaje da ba su wuce miliyan 4.5 ba suna biyan kashi 1 idan girmansu ya cika sharaɗi, gidan da aka gama ya samu takardar izinin shiga kuwa babu GST a kansa. Kuɗin hatimi, wato harajin da ake biya kan takardar ciniki, ya danganta da jiha, galibi kashi 5 zuwa 7, ga kuɗin rajista kusan kashi 1. Kafin ka taɓa komai an wuce miliyan ɗaya. Sai kuɗin wurin mota, kuɗin kulob, ƙarin kuɗi ga kowane hawa da ka ɗaga sama, ƙarin kuɗi don tagarka tana kallon lambu, ajiyar kuɗin kula da gini, kuɗin kula na shekara ɗaya ko biyu a gaba, mitar wuta da ruwa, da ladan dillali. Idan farashi ya kai miliyan 5, kai mai saye ne za ka cire kashi 1 ka biya wa hukumar haraji. Idan mai sayarwar shi ma mazaunin waje ne, abin da za a cire ya fi haka nesa, kuma kuskuren a kanka yake faɗawa.

Ka kula da awo. Kamfanoni suna son ambatar faɗin da ya haɗa da matakala, lif da harabar gini, wanda kan ɗara ainihin cikin gida da kusan kashi ɗaya cikin uku. RERA ta ce a sayar da awon cikin gida. Da shi za ka raba jimillar kuɗi kafin ka kwatanta gida biyu.

Wajen biya, doka ta hana kamfani karɓar fiye da kashi 10 kafin a yi rajistar yarjejeniyar sayarwa, kuma kashi 70 na kuɗin masu saye dole ya shiga asusun aikin na musamman. Ka biya ta banki kawai, daga asusun NRE, NRO ko FCNR, wato asusun da bankunan Indiya ke buɗe wa mazauna waje, cikin asusun da aka bayyana wa RERA. Tsabar kuɗi a hannu ba ta da shaida, kuma za ta hana ka fitar da kuɗinka ranar da ka sayar. Ka zaɓi tsarin biya hawa-hawa, kada ka saki kuɗin wani mataki sai injiniyanka ya aiko da hoto mai kwanan wata.

Idan wani zai sa hannu a madadinka, ka ba shi wakilci na wannan gida kaɗai, ka sa hannu a ofishin jakadancin Indiya, a Najeriya akwai a Abuja da Legas, sannan a buga masa hatimi cikin wata uku da isarsa Indiya. Kada ka sayi gida da takardar wakilci kaɗai. Kotun Ƙoli ta yanke a 2011 cewa ba ta mayar da mallaka.

Ranar karɓar makulli, kada wakilinka ya sa hannu sai ya ga takardar izinin shiga. Injiniya ya ƙwanƙwasa tayil ya ji wanda ke da rami a ƙasa, ya zuba ruwa a banɗaki ya ga ko yana gangarawa magudana, ya auna danshin bango, ya gwada kowane soket da wayar ƙasa mai kare mutum daga jan wutar lantarki, ya auna ɗakuna. A rubuta duk aibi, kamfanin ya sa hannu a kwafi. Doka ta ɗora masa gyaran aibin gini na shekara biyar daga ranar miƙa gida, cikin kwana 30 da sanar da shi, kyauta. Ka aika sanarwar a rubuce, idan ya yi shiru ka shigar da ƙara ta shafin RERA na jihar.