Yadda ake odar motar gudu mai ƙayyadadden adadi daga Sakkwato

Motar da kamfani ya ƙayyade adadinta ba a sayenta yadda ake sayen Hilux ko Camry, inda mutum zai shiga wurin masu sayar da motoci ya zagaya, ya buɗe bonet, ya taya. Porsche ta ƙera 911 Dakar guda 2,500 ne kacal don duniya baki ɗaya, 911 S/T kuma guda 1,963. BMW ta tsaya a 1,000 a kan M4 CSL, Lamborghini ta yi Huracán Sterrato guda 1,499. Tun kafin a ɗaure noti na farko an gama rabonsu: kamfani ya ba kowane yanki kasonsa, yankin ya raba wa wakilan ƙasashe, wakili kuma ya zaɓi wanda zai ba. Abin da mai saye yake nema tun farko shi ne gurbi a layin ƙira, kuma har sai gurbin nan ya fito a rubuce da sunansa, cinikin biri a sama yake yi.

Wa ke riƙe da gurbin

Wakilin da kamfani ya amince da shi ne kaɗai ke iya shigar da oda masana'anta. A Najeriya, Coscharis Motors ne ke wakiltar BMW da Land Rover da Ford, Weststar Associates kuma na wakiltar Mercedes-Benz, har da AMG, sashenta na motocin gudu. Harkarsu ta fi ƙarfi a Legas da Abuja, don haka mutumin Sakkwato sai ya yi tattaki ko ya aika wanda ya yarda da shi. Dillalin cikin gari yana da ranarsa: zai haɗa ka da mutane, ya bi maka takardu, ya karɓi la'adarsa. Amma ba shi da gurbi, kuma kuɗin mota bai kamata ya bi ta asusunsa ba ko da amininka ne.

Tambayar farko ga wakili ita ce: gurbin yana hannunku, ko yanzu za ku nema? Tsakanin biyun akwai rata mai nisa. Idan aka ce, "Ranka ya daɗe, ka dai ajiye wani abu, in sha Allahu za mu samo," to sunanka ya shiga jerin masu jira ne kawai. Kason Afirka ta Yamma a irin waɗannan motoci kaɗan ne ƙwarai, wani samfurin ma ba a ware wa kasuwarmu ko ɗaya, saboda kamfanin bai daidaita injinsa da manmu ba.

Kuɗi kawai ba ya sa a ba mutum. Ana duba wanda ya saba saye a gidan, yake kuma kai motocinsa sabis can, domin kamfanoni na ƙin wanda zai karɓa yau ya sayar gobe da riba. Lokacin da Ford ta fito da sabuwar GT, sai da masu so suka cike takardar nema a 2016, waɗanda aka zaɓa suka sa hannu cewa ba za su sayar ba sai bayan shekara biyu. Ɗan kokawar nan John Cena ya sayar da tasa kafin wa'adi, Ford ta kai shi kotu a 2017. Ka tambaya ko akwai irin wannan sharaɗi. Kuma ka nuna sha'awarka a rubuce tun motar tana matakin jita-jita; ranar da hotunanta suka cika Facebook, galibi an riga an rabe.

Kafin alƙalami da abin da za a rubuta

Ba a ba da kafin alƙalami a kan maganar baki ko saƙon WhatsApp. Yarjejeniyar ta ambaci samfurin da shekararsa, farashin da kuɗin ƙasar da aka yanke shi da shi, watan da ake sa ran ƙerawa, da abin da zai faru idan gurbi bai samu ba: nawa za a mayar, cikin kwana nawa, da wane kuɗi. Wannan na ƙarshe shi ne wurin da ake yawan kuka. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,400. Wanda ya ajiye daloli aka mayar masa da naira a tsohon lissafi ya yi asarar kusan kashi biyu cikin uku ba tare da an karya wata doka ba, tunda takardarsa ba ta faɗi komai ba. Oda irin wannan tana ɗaukar watanni, wani lokaci ta wuce shekara, don haka dole a rubuta wa zai ɗauki nauyin sauyin canji, da wa zai ɗauki ƙarin da masana'anta kan yi idan shekarar samfuri ta juya.

A rubuta kuma ko farashin ya haɗa da kuɗin jirgi, kuɗin fito, harajin VAT na kashi 7.5, da kawowa har Sakkwato. Idan akwai ƙarin da wakili ya ɗora saboda ƙarancin motar, ya fito a layinsa daban, kada a ɓoye shi cikin "sauran caji".

Biyan kuwa ta banki ne, zuwa asusun kamfanin. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta haramta wa mutum biyan tsabar da ta wuce naira miliyan 5 ba ta banki ba, kamfani kuma miliyan 10. Al'adar cika jaka da kuɗi a aika yaro ba ta da wuri a nan. Mai gudun riba da ke son banki ya saya masa zai iya tuntuɓar Jaiz ko TAJBank a kan murabaha, wato banki ya sayi motar ya sayar masa da ƙarin da aka amince, amma ya fara maganar da wuri, domin banki ba ya sayar maka da abin da bai mallaka ba, motar kuma ba a ƙera ta ba tukuna.

Shaidar cewa gurbi ya tabbata ita ce lambar oda ta masana'anta, haɗe da takardar da ta jero duk abin da ka zaɓa. Da lambar ake bin sawun motar. A tsarin BMW, mataki na 150 yana nufin an fara ƙira. A Porsche, V250 ne ranar kulle oda. Ka nemi a faɗa maka wannan rana tun farko, domin bayanta ko launin zaren kujera ba a canzawa.

Zaɓin da ya dace da Sakkwato

A nan ne ya kamata a zauna a yi tunani, don wanda ya tsara jerin zaɓin yana hango titunan Jamus ne, bai san bazarar Afrilu ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40, bai kuma san ƙurar hunturu ba.

Sitiyari dole ya kasance a hagu. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma ba a yi wa mai sitiyari a dama rajista, don haka samfurin Ingila ko Japan ko Afirka ta Kudu ya fita daga lissafi. Bayan haka sai tambayar wace kasuwa aka tsara wa motar. Samfurin Turai na zuwa da matatar hayaƙi a cikin salansa wadda ba ta jure man da ƙibiritunsa (sinadarin sulfur) ya yi yawa. Idan ta toshe, fitilar inji ta kunna, mota ta rage ƙarfi da kanta. Samfurin ƙasashen Larabawa na yankin Gulf an yi shi ne da zafi da ƙura a zuciya, shi ya fi kusa da yanayinmu. Ka sa wakili ya rubuta wanne zai kawo.

Fetur shi ne babbar matsala. Yawancin waɗannan injuna suna son fetur mai oktan 98 (oktan ma'aunin ingancin fetur ne), mafi ƙaranci 95, abin da ake samu a gidajen manmu kuma bai saba kaiwa haka ba. Kwamfutar injin tana jin ƙwanƙwasa ta ja baya da lokacin tartsatsi don ta kare fistin, sai ƙarfi ya ragu, zafi ya ƙaru, rana kuma ta ƙara nata. A tuƙin hankali mota za ta jure, amma wanda ya taka ta har ƙasa da tsakar rana a kan irin wannan mai yana cin injinsa ne. Ruwan ƙara oktan na kwalba yana ɗan taimakawa, sai dai mai sinadarin manganis a ciki yana barin jan datti a fulogi, ya kuma lalata matatar salansa. Ka samu amsar wakili a rubuce: da wane mai garanti zai ci gaba da aiki?

Na'urar ɗaga gaban mota, wadda ke ƙara mata santimita 3 zuwa 4 idan an danna maɓalli, kada a bar ta ko nawa ce. Tudun rage gudu ɗaya a Mabera ko Runjin Sambo, ko gangaren ƙofar gida, ya isa ya fasa leɓen gaba na kabon. Burkin kabon da yumɓu kuwa, mai ɗan karen tsada, mu dai ba mu ga amfaninsa a nan ba: tsakuwa na iya ɓantare gefen faifan, ba a kuma gyara shi sai canji. Na ƙarfe ya wadatar. Haka ƙafa mai noti ɗaya a tsakiya: ta Porsche tana buƙatar ɗauri mai tsananin ƙarfi, na kusan Nm 600 a ma'aunin ɗaure noti, da doguwar sifana ta musamman, abin da mai facin bakin hanya ba shi da shi. Idan samfurin ba ya zuwa sai da ita, a sa sifanar cikin oda. Yawancinsu ba su da safaya, don haka a yi odar ƙarin tayoyi, gaba da baya, tunda girmansu ya bambanta, a kuma zaɓi tayar titi maimakon ta filin tsere irin Michelin Cup 2, mai saurin cinyewa da santsi a ruwan damina.

Rufin gilashi, baƙar fata, da fenti marar sheƙi duk abin sha'awa ne a hoto. Fentin nan ba a goge shi da inji, ƙurar hunturu kuma na karce shi idan yaron gida ya share da busasshen tsumma.

Daga masana'anta zuwa tashar ruwa

Da an gama ƙira za a ba ka lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, babu I ko O ko Q a cikinta. Ta Porsche mai ƙofa biyu na farawa da WP0, ta BMW M da WBS. Wannan lamba ta zama iri ɗaya a rasit, takardar lodin jirgi, da takardun kwastan. Kuskuren harafi ɗaya na iya tsayar da mota makonni a tasha, kuɗin ajiya yana hawa kullum.

Idan wakili ne mai shigowa, shi zai buɗe Form M, takardar shigo da kaya, ta banki, ya samu shaidar ingancin kaya ta SONCAP da PAAR, takardar ƙiyasin fito ta kwastan. Kai dai ka karɓi kwafinsu da shaidar biyan kuɗin fito. A sa motar a kwantena ita kaɗai, a ɗaure ta ta tayoyi, da inshorar teku a kan cikakken darajarta. Ta tashar ruwan Legas, kamar Apapa ko Tin Can, za ta shigo. Wani zai ba ka shawarar a sauke a Kwatano a biyo ta Ƙwanni a shigo ta Illela, wai ya fi kusa da gida. Gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017, kuma motar da irinta ba ta fi a ƙirga da yatsu ba a ƙasar nan ba ta ɓoyuwa. Haka rage darajarta a takarda don a biya fito kaɗan: tun 2022 kwastan ke ƙiyasi da lambar shasi.

Masu sayowa daga dilolin Dubai sukan samu da sauri, da ƙari a kan farashi. Kafin a bi wannan hanya, a tambayi wakilin Najeriya ko zai karɓi garantin motar da ba shi ya shigo da ita ba.

Karɓa da kawowa gida

Ka karɓi motar a wurin wakili, da rana, bayan an wanke ta, da takardar zaɓinka a hannu kana bi layi-layi. Ka duba kilomitan da ta yi, ƙasan bamba, gefen ƙafafu, da lambobi huɗu na jikin taya masu nuna mako da shekarar da aka yi ta. Ka tabbatar an cire robobin da masana'anta ke cusawa a shokazoba don tafiyar jirgi. Idan aka manta da su mota za ta riƙa dukan ƙasa kamar amalanke, mai ita ya zaci haka motar gudu take. A fitar da kwamfutarta daga yanayin jigila, a ba ka makullai biyu da cajar batir. Duk abin da ka gani a rubuta kafin ka sa hannu, don bayan ta bar harabar, naka ne.

Daga Legas zuwa Sakkwato ta Ilori, Jebba, Mokwa, Kontagora da Yawuri ya haura kilomita 1,000. Ba a tuƙo irin wannan mota a wannan hanya. A ɗora ta a rufaffiyar motar ɗaukar motoci mai doguwar gangara, da inshorar kaya a hanya, da kwafin takardun kwastan a hannun direba saboda shingaye. Kada a lulluɓe ta da tamfol a buɗaɗɗiyar tirela: iska na kaɗa shi da yashi a ƙarƙashi, kafin Kontagora ya cinye fenti.

Inshorar naira 15,000 ta ɓangare na uku, mai biyan ɓarnar da ka yi wa wani kawai, ba ta biyan ko madubin motarka. Cikakkiyar inshora ko takaful ake yi, a kan darajar da aka amince a rubuce; tun 2023 hukumar kula da inshora ta NAICOM ta sa mafi ƙarancin kuɗinta kashi 5 cikin ɗari na darajar mota a shekara, sai a sa wannan a lissafi tun kafin oda.

Sai horon inji. Motocin BMW M suna da sabis na farko a kilomita 2,000, inda ake juye baƙin mai da man difiransha, kafin nan kuma ba a kai injin ƙarshen juyinsa. Sauran kamfanoni ma kowanne da nasa ƙa'idar a littafin motar. Tsallake wannan sabis na iya taɓa garanti, kuma a wurin wakili ake yinsa. Ke nan wata guda ko biyu bayan isowarta za ta sake hawa mota zuwa Abuja ko Legas, sai dai in an shirya tun a yarjejeniya cewa za su turo makanike da na'urarsa ta jirgi zuwa Sakkwato. Duk wanda zai zo, ya taho da matatun iska biyu ko uku, domin wa'adin canjin da ke littafin ba a lissafa shi da hazon Disamba da Janairu ba.