Yadda ake gane lalacewar dinamo a Hilux da yadda ake canja shi

Duk mai neman abincinsa da akori-kura tsakanin Jidda da Makka ya san zafi da ƙura ba sa barin kayan wutar mota su daɗe. Da zarar alamar batir ta kawo ja, ko fitilun gaba suka riƙa dushewa in mota na tsaye, sai ka ji an ce dinamo, mai yi wa batir caji, ya tafi, a nufi Sana'iyya, unguwar makanikai da masu kayan mota, a sayo wani. Ni dai shawarata, kada ka ciro ko riyal ɗaya sai ka auna. Yana ba ni takaici in ga bawan Allah ya zuba kuɗin jigilar kwana da kwanaki, alhali bel ne ya saki.

Fara da ido da hannu, injin a kashe kuma ya huce. Duba bel: in cikinsa ya yi sulɓi yana sheƙi, ko ya tsattsage, zamewa yake yi, kuma shi ne ke yin ƙarar tsiii ɗin nan da safe ko in ka kunna na'urar sanyi. Girgiza kawunan batir, ka kankare farin garin da ya taru a kansu. Buɗe akwatin fis da ke kusa da batir ka duba babban da aka rubuta wa ALT.

Sai mita, wato na'urar auna wuta. Juya ta zuwa DC 20, jan tsinkenta a kan + na batir, baƙin a kan −. Batir mai lafiya yana nuna volt 12.4 zuwa 12.6 in mota ta ɗan huta. Tayar da injin: ya kamata ya hau 13.5 zuwa 14.5. Kunna fitilu da na'urar sanyi, wani ya ɗan taka totur, ka ga ko zai riƙe. In ya tsaya a 12 da 'yan kai yana sauka, babu caji. In ya haura 15, katawut, mai daidaita ƙarfin wutar dinamo, shi ne ya lalace yana dafa batir, har za ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Kafin ka yanke hukunci, ɗora jan a kan noti mai kauri da ke bayan dinamo, inda babbar waya ta fita. In can akwai 14 amma a batir babu, dinamo lafiyarsa lau, waya ce ko fis.

Akwai wata al'ada da nake roƙon mutanenmu su bari: cire kan batir injin yana aiki, wai in motar ta mutu dinamo ne. Wutar da ke tashi a daidai lokacin tana iya ƙona kwamfutar motar, kuma kuɗinta ya fi na dinamo nesa ba kusa ba.

In ya tabbata shi ne, ba lalle sai an sayi sabo ba. Sau da yawa burushin ciki ne ya cinye, mai aikin wuta zai canja shi tare da katawut a kuɗi kaɗan. In kuwa yana gurnani, boris ne. Batir da ke kwana da wuta ya wayi gari babu, a nan a tuhumi dayod, abin da ke cikin dinamo mai hana wuta komawa baya.

Wajen cirewa, fara da kan − na batir. Kada ka tsallake wannan, don babbar wayar dinamo da wuta take ko mota a kashe, sifana na taɓa ta da jikin ƙarfe sai tartsatsi. Ɗauki hoton yadda bel ya zagaya. A injin fetur 2.7 bel guda ne, ka danne abin da ke ɗaure shi da sifana ka zare. A tsofaffin kuwa, sassauta notin sama da na ƙasa, ka tura dinamo wajen injin. Zare soket, kwance babbar waya, sannan notocin.

Masu tsohuwar dizal, 2L ko 3L ko 5L, ku kula sosai a nan. A jikin dinamonku akwai famfon da ke zuƙar iska domin birki, da bututun mai da ke shiga da fita. Yi wa kowanne alama kafin ka cire, ka tare mai da tsumma. In aka mayar ba daidai ba, birki zai yi tauri kamar dutse, da kaya a baya.

Tafi da tsohon wurin saye, ko shago ne ko tashlih, wato inda ake sayar da kayan motocin da aka farfasa. Jera su biyu: yawan layukan fuli, bakin soket, ramukan noti, da ƙarfin amfiya da ke rubuce a jiki. Na tashlih, a gwada shi a gabanka kuma a ba ka kwanakin garanti a rubuce.

Mayarwa, abin da ka cire ƙarshe shi ne farko. Bel ɗin da ake ɗaurewa da hannu, in ka danna tsakiyarsa da babban yatsa ya lotsa kamar santimita 1. Ka matse shi fiye da haka ka kashe boris. Kai batir a yi masa caji kafin ka tayar, kada sabon dinamo ya fara da ɗaukar mataccen batir. Haɗa kan − a ƙarshe, tayar, sake aunawa da fitilu a kunne. Masu dizal, a taka birki sau da yawa a tsaye kuma a leƙa ko mai na ɗiga kafin a hau titi.