Kafin ka canza kwambatar giya, fara nema mata abin sanyaya mai

Samarin garin nan Katsina masu Charger da Benz da Lexus, da zarar mutum ya ɗan taɓa inji ya canza salansa sai ka ji shina cewa saura kwambata, wai shina so in ya taka totur a sha-tale-tale motar ta zabura kamar an tsikare ta. Ba laifi ba ne, nima na yi, amma na fara ta inda bai kamata ba kuma aljihuna ya gaya mani.

Kwambata ita ce wannan ƙarfen mai kama da ƙwarya biyu a kife da ke tsakanin inji da giyabos a mota otomatik, ita ke madadin kuloci. Ka ɗauka fanka biyu ce suna kallon juna, ka kunna ɗaya iskarta ta juya ɗayar, sai dai a nan man giya ne ke aikin iskar. A tsakiyarsu akwai wata ƙarama da ake ce ma siteta, ita ke maido da man ta yadda ƙarfin inji zai ninka wajen sau biyu lokacin tashi. To tunda ba ƙarfe ke riƙe da ƙarfe ba dole akwai sulɓi, sulɓin nan kuwa zafi yake zama, mafi yawan zafin da ke cikin man giyarka daga nan yake fitowa.

Lambar da za ka duba wajen saye ita ce sitol, wato inda allurar rpm, mai nuna saurin juyin inji, ke kaiwa in ka danne birki ka taka totur kafin motar ta ƙwace. Ta kamfani yawanci tana wajen 1,500 zuwa 2,200. In ka sa mai 2,800 ko 3,000 injin zai hau inda ƙarfinshi yake tun kafin taya ta juya, shi ne zaburar da ake so. Amma fa lambar da ke jikin kwali ba alƙawari ba ce, kwambata ɗaya in ka sa ta bayan inji mai ƙarfi ko a mota mai nauyi sitol ɗinta zai hau, in ka sa ta a ƙaramin inji ya sauka, shi yasa masu ƙera su irin TCI da B&M ke tambayar girman inji da irin kamshaf (sandar da ke buɗe bawul ɗin inji) da nauyin mota da girman taya kafin su ce ga wadda za ka ɗauka. In mai sayarwa bai tambaye ka ko ɗaya ba ya ce "za ta hau", to hawa kawai za ta yi.

Ni a ganina in injinka na kamfani ne ba ka canza kamshaf ba, ka bar kwambatar da ta zo da shi, ko ka ƙara sitol da abin da bai wuce 300 zuwa 500 ba. Mai 3,500 ta filin tsere ce, a goslon Ƙofar Ƙaura motar za ta yi ta gurnani kamar za ta tashi sama alhali da ƙyar take rarrafe, fetur na tafiya man giya na dahuwa. Kuma ko wace iri ce ka tabbata tana da lokof, wato kulocin ciki da ke kulle bangarorin biyu in an miƙe hanya sulɓin ya tsaya. Motocin zamani kwamfuta ke sarrafa shi, in ka sa wadda ba ta dace da giyarka ba sai rawa da wutar gargaɗi a dashbod. Don haka lambar giyabos za ka riƙe ba sunan mota ba: Charger ta da can mai giya 5 tana da NAG1 ne, ɗan gidan 722.6 na Benz, ta baya-bayan nan kuma mai giya 8 ce ta ZF, kwambatarsu ba ɗaya ba.

Ni abin da ya faru da ni, na sa mai sitol sama na bar sanyaya man a hannun ɗan bututun da ke cikin lagireto. Watan Afrilu ne, rana ta take, na ɗauki hanyar Daura da esi a kunne, kafin Mashi na fara jin ƙauri kamar an bar tukunya a wuta. Da bakanike ya ɗiga man a farar takarda maimakon ja sai ga shi kalar shayi ba madara, ya shinshina ya dube ni ya ce "Alhaji faiba ta tafi." Wato fayafayen kuloci na cikin giyar sun ƙone, sai da aka sauke giyar gaba ɗaya.

Man giya shina son zama wajen digiri 80 zuwa 90 a ma'aunin Salshiyas, in ya riƙa haura 120 ya fara lalacewa da sauri, robobin ciki su bushe. Mu kuma nan da bazara iskar waje kanta tana wuce 40. Shi yasa nike cewa kula, wato abin sanyaya man giya, ita ce farko, ko ba ka taɓa kwambata ba.

Kala uku ce a kasuwa. Akwai mai bututu ɗaya da ya yi ta lanƙwasa kamar bayan tsohon firij, ita ce mai araha kuma ita ce mai rauni. Akwai mai faranti da fukafukai, sai mai faranti jere kan juna wadda ta fi su jan zafi ko da ƙarama ce, ita za ka nema, Hayden da Derale da B&M duk suna yi. Ka ɗauki mafi girma da gaban motarka zai ɗauka. In ta Beljiyam ce daga Ƙofar Ruwa a Kano ka yi hattara, ba ka san ko giyar da aka ciro ta ta mutu ne ta bar garin ƙarfe a ciki ba, garin nan kuwa kai tsaye sabuwar giyarka zai nufa. A wanke ta sosai ko ka haƙura ka sayi sabuwa. Haka in taka giyar ce ta ƙone, a wanke layukan man duka kafin a maida.

Wajen ɗaurawa kar a cire ɗan bututun nan na cikin lagireto, a jera su ne: mai ya fito daga giya ya shiga lagireto, ya fito ya shiga sabuwar kula, sannan ya koma giya. In ba a gane layin komawa ba a tada mota ta ɗan yi zafi a taɓa bututun biyu, wanda ya fi sanyi shi ne. Mazauninta gaban kandansan esi inda iska ke bugu, in bamba ta rufe wajen a sa mata 'yar fanka. Tiyo kuma wanda aka yi don man giya, ba na fetur ko na ruwa ba, a nisanta shi da salansa da duk wani kaifi, kilif biyu a kowane baki. Da hunturu ka riƙa hure ƙurar da ke toshe ta.

Ita kwambatar a zuba mata mai kamar lita 1 kafin a sa, a tura ana juyawa har ta faɗa sau biyu ko uku ta zauna cikin fam ɗin man giya. In an haɗa giya da inji ya kamata a ga ɗan tsakani kamar milimita 3 zuwa 5 kafin a jawo ta a ɗaure, in ka ga yaran gareji na jan giyabos da ƙarfin noti don ya haɗe ka tsaida su nan take, fam ɗin za su fasa.

Sai mai. Kula da tiyo sun ƙara wuri don haka sai an ƙara, kuma wanda littafin motar ya ce, Toyota da Lexus na baya-bayan nan WS, 722.6 nashi daban, ba wanda mai shago ya ce "duk ja ne" ba. Da yawan giyoyin nan ba su da sandar awo, a wani zafi na musamman ake duba su da kwamfuta. In an gama a bar kwamfutar a jone ku fita da azahar, ku zaga rin rod da esi a kunne kana kallon zafin man. Gwajin sitol kuma in dole sai ka yi, kar ya wuce daƙiƙa 5, ka maida giya N ka bar ta ta huce kafin ka sake.