Laftof ɗin tuƙin jirgi ga mai yawan tafiya: abin dubawa kafin ka biya a Circle ta Accra ko Adum ta Kumasi

Wanda ya saba wasan tuƙin jirgin sama a kwamfutar tebur a gida, ranar da tafiya ta kama shi daga Accra zuwa Kumasi ko Tamale na mako guda, hannunsa ƙaiƙayi yake yi. Daga nan tunanin sayen laftof ke shigowa. A san wani abu tun farko: ba a cikin bas ɗin VIP ko STC za ka tuƙa jirgin nan ba. A masauki za ka tuƙa shi, kusa da soket. Batirin laftof mafi girma ba ya kai wat-awa 100, alhali na'urar tana iya shan wat 150 zuwa 200 in wasa ya yi zafi. Lissafi ya nuna rabin awa ke nan, shi ya sa masu ƙera ta suka sa da zarar an zare caja katin hoto ya rage wa kansa ƙarfi sosai. Saboda haka abin da kake nema shi ne na'urar da za ta shiga jaka, ta jure zafin ɗaki, ta yi aiki da wutar da ka tarar.

Fara da wasan, ba da na'urar ba

Da yawa suna sayen laftof tukuna sannan su tambayi wane wasa zai hau. An yi baya ba zane. Wasan ne ke faɗa maka abin da za ka saya, kuma a nan Ghana data ce ke raba gardama.

Microsoft Flight Simulator 2024, wanda ya fito a Nuwamban 2024, ba ya ajiye duniya a cikin na'urarka. Yana jawo ƙasa, gine-gine, har da jiragen kansu daga intanet yayin da kake tafiya. Wurin da yake nema a faifai kaɗan ne, wajen GB 50, amma kamfanin ya ce mafi ƙarancin gudun intanet megabit 10 ne a sakan, ya fi son 50. Ka yi lissafi da kanka: in da zai ja megabit 10 ba tsayawa, GB 4.5 ke nan a awa ɗaya. Ba kullum yake ja haka ba, don yana adana wuraren da ka riga ka bi, amma mai dogaro da datar MTN ko Telecel a waya zai ji a aljihunsa. In kuma sigina ta yi rauni a masauki, sai ka ga ƙasa ta narke kamar an zuba kunu.

Flight Simulator na 2020 ya fi dacewa da matafiyi ta wannan fuska. Yana cin wajen GB 150 a faifai, sai dai kana iya kashe hotunan tauraron ɗan'adam ka kuma sa wa data iyaka a cikin saitinsa. X-Plane 12 ya fi su duka sauƙin kai: ka sauke yankin da kake so sau ɗaya a inda intanet ke da kyau, misali Afirka kaɗai, shi ke nan. Intanet kaɗan yake nema lokaci-lokaci don tabbatar da lasisi, da kuma yanayin sama na ainihi in ka kunna. A ganinmu, mai yawon garuruwa ya riƙe X-Plane 12 ko na 2020 a hanya, ya bar na 2024 sai ya dawo gida. Akwai kuma FlightGear, kyauta ne, yana hawa ko a na'ura mai rauni.

Mai sha'awar MacBook ya lura: wasannin Microsoft ba sa hawa a kanta, X-Plane 12 yana hawa, kuma ita ba ta zubar da ƙarfi sosai a kan batir kamar sauran. Sai dai a guji MacBook Air, ba ta da fanka.

Furosesa da katin hoto

Wasan tuƙin jirgi yana wahalar da furosesa fiye da yawancin wasanni. Ita ke lissafin iska, injin, allunan ɗakin matuƙi, da sauran jiragen da ke yawo a fili, kuma kaso mai yawa na aikin yana bin layi ɗaya ne. Don haka gudun kowace ƙwayar furosesa (core) ya fi yawan ƙwayoyi amfani. Kada "Core i7" da ke manne a jiki ya ruɗe ka. Harafin ƙarshen lambar ne labari. Mai ƙarewa da U ta ofis ce, an yi ta don tsimin batir. Nemi H ko HX a Intel, ƙarni na 12 zuwa sama, ko H, HS da HX a Ryzen na AMD. HX ta fi ƙarfi, ta kuma fi zafi da shan wuta. Ga mai ɗaukar jaka, H ko HS ta wadatar.

A katin hoto abu biyu ne, kuma na biyun mai shago ba kasafai yake faɗa ba.

Na farko ƙwaƙwalwar katin, wato VRAM. RTX 3050 na farko GB 4 ne, ya yi kaɗan. RTX 3060 da 4050 na laftof GB 6 ne, suna ɗauka in ka sassauta saiti. RTX 4060, 4070 da 5060 duk GB 8 ne, kuma nan ne ya kamata mai hankali ya tsaya in kuɗi sun kai. GB 12 sai 4080 ko 5070 Ti. In VRAM ta cika, hoto ba raguwa yake a hankali ba, tsayawa yake cak na ɗan lokaci, galibi daidai lokacin da kake gab da sauka a babban fili, inda gine-gine da jirage suka taru. Lura cewa 4070 bai fi 4060 VRAM ba, don haka ƙarin kuɗin da za ka biya a kansa gara ya tafi RAM.

Na biyu shi ne wutar da aka yarje wa katin. RTX 4060 ɗaya ne a suna, amma wani kamfani yana ba shi wat 45 a siririyar laftof, wani ya ba shi 115 har zuwa 140 a mai kauri. Suna ɗaya, aiki daban. Ga yadda ake gani: buɗe NVIDIA Control Panel, shiga System Information, nemi layin Maximum Graphics Power. Abin da ya kai wat 100 ko sama, madalla. Ƙasa da 75, ka san da siririn jiki ka saya, ba ƙarfi ba.

RAM, faifai, allo

GB 16 shi ne ƙasa, kuma ga na 2024 kamfanin da kansa 32 ya ba da shawara. Abin dubawa shi ne ko ana iya ƙarawa. Wasu siraran na'urori, kamar Zephyrus G14 ta 2024, RAM ɗinsu a liƙe take da allon uwa, abin da ka saya da shi za ka mutu. Irin su Legion, LOQ, TUF da Nitro yawanci suna da gurbi biyu. A Task Manager, ƙarƙashin Memory, za ka ga gurbi nawa ke cike. Sandar RAM biyu masu GB 8 sun fi sanda ɗaya mai 16 gudu, don suna aiki ta hanya biyu a lokaci guda. Faifai kuwa SSD mai TB 1. Mai 512 zai cika da ka fara ƙara jirage da filaye.

Allo inci 15 ko 16 ya isa. Na 14 ya fi daɗin ɗauka, amma rubutun ɗakin matuƙin jirgin fasinja A320 ƙanana ne, ido zai gaji. Tsarin 16:10 ya fi, don tsayinsa yana nuna gilashi da na'urorin gaba tare. Kar ka biya kuɗi don 240Hz, jirgin fasinja ba wasan harbi ba ne, hoto 30 zuwa 40 a sakan in ya daidaita ya isa sauka lafiya. Allon 2560 x 1600 yana da ɗigo kusan ninki biyu na 1920 x 1200, kuma duk katin ne zai ɗauki nauyin. Da 4060 a wannan allo sai an kunna DLSS a wasan da ke da ita, wato dabarar NVIDIA da ke zana hoto ƙarami ta faɗaɗa shi don rage wa katin nauyi.

Gwajin minti 15 a shago

Nan ne ake cin riba ko a yi asara, musamman ga mai sayen ta hannu a Circle ko Adum. Kafin ka fita daga gida, sauke gwajin X-Plane 12 na kyauta a SSD na waje ko filashi mai sauri. Wasan yana zaune ne a folda ɗaya, yana tashi daga can ba sai an girka shi ba, kuma gwajin minti 15 yake bayarwa, daidai abin da kake bukata. Haɗa da HWiNFO, manhajar da ke nuna zafi da gudun na'ura, nau'in da ba ya bukatar girkawa.

A shago, ka nemi a jona caja, a sa na'urar a yanayin ƙarfi mafi girma. Buɗe HWiNFO, sannan ka tashi da jirgi ka bar shi har lokacin ya ƙare. Minti biyar na farko kowace laftof jaruma ce. Daga na goma gaskiya ke fitowa. In furosesa ta lafe a digiri 95 zuwa 100 kuma gudunta yana ta sauka, tana rage wa kanta ƙarfi ne don kada ta ƙone. Katin hoton NVIDIA kuma wajen digiri 87 yake fara ja da baya. Dalili yawanci ƙura ce ta toshe ƙarfen sanyaya, ko man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen ya bushe. Gyara ne mai sauƙi a wurin mai gyara, amma a rage maka a kuɗi. Kasa kunne ga fanka biyun, ka sa hannu a kowace kafar iska. In gefe ɗaya shiru ne, ko kana jin ƙarar gogayya, fanka ta tafi.

Sai batir. Buɗe Command Prompt, rubuta powercfg /batteryreport, ka buɗe fayil ɗin da ya fito. Kwatanta Design Capacity da Full Charge Capacity. In na biyun bai kai kashi 70 cikin 100 na na farkon ba, sauyin batir na nan tafe. Ka duba kuma ko wurin taɓawa (touchpad) ya ɗago ko murfin ƙasa ya kumbura. Batir ne ya kumbura, kuma irin wannan ba abin sawa a jaka a shiga mota da shi ba ne. Shiga BIOS, wato saitin da ake buɗewa yayin kunna na'ura, ka tabbatar ba a kulle ta da kalmar sirri ba. Mai shagon da ya ce, "Maigida, ai ba sai an yi duk wannan ba, sabuwa ce fil," ka gode masa, ka ce dai a yi. In ya ƙi, shago na gaba ba nisa.

Caja da wutar masauki

Caja rabin na'urar ce. Juya ta ka karanta wat ɗinta, ka kwatanta da abin da kamfanin ya rubuta wa wannan samfurin; yawanci 170 zuwa 240 ne, masu HX har 330. In aka haɗa ka da ƙarama ko jabu, batir zai riƙa sauka alhali caja na jone, wasu na'urorin ma da ba su gane cajar ba sai su rage gudu da kansu. Cajar USB-C mai wat 100 ta yi wa rubutu da kallo, ba ta ɗaukar wasa. Kuma in za ka auna nauyi, auna da caja: laftof mai kilo 2.4 da bulon caja mai kusan kilo guda, kafin ka ratsa kasuwar Kejetia ta Kumasi kafaɗa ta gaya maka.

Wutar Ghana volt 230 ce, soket mai ƙafa uku irin na Ingila. Na'urar da aka kawo daga Amurka cajarta tana karɓar 100 zuwa 240, ba matsala, sai dai kan fulogin ya bambanta. Kada ka dogara da ƙaramar adafta mai lilo, tana zafi tana tartsatsi a wannan nauyin. Sauya wayar da ke tsakanin bango da bulon gaba ɗaya da mai ƙafa uku mai fis. Ka riƙe ƙaramin ekstenshan mai kariya daga hawan wuta a jaka. In an ɗauke wuta, zare caja, ka jira a dawo da ita ko janareta ya daidaita kafin ka mayar. A nan ne batir ke da rana: yana ba ka damar dakatar da wasa ka rufe lafiya.

Mai hawa jirgin gaske zuwa Tamale ko ƙetare ya tuna ƙa'idar batir: har wat-awa 100 a jakar hannu ba sai da izini ba, kuma fawabank ba ya shiga kayan da ake aunawa. Mai mAh 20,000 wajen wat-awa 74 ne, ya wuce lafiya.

Zafi da ƙura kuwa, kada a ɗora ta a katifa ko a cinya, ta ƙasa take shaƙar iska. Ɗaga bayanta da ɗan yatsa biyu, ko da murafun kwalba ne, yana rage zafi. A lokacin hunturu, musamman in ka yi arewa, a busa mata ƙura bayan tafiya, a riƙe fanka da tsinke yayin busawa don kada ta yi juyin da ya wuce kima. A saiti, ka ɗaure hoto a 30 a sakan, ka sauke nisan zanen ƙasa da yawan jiragen da ke yawo. Su ne ke dafa furosesa, ba gajimare ba.

Sandar tuƙi

Babban sitiyarin jirgi da fedar ƙafa a bar su a gida. Logitech Extreme 3D Pro ko Thrustmaster T.16000M suna da murɗawa a hannu da ke maye gurbin feda, da ɗan maƙurin mai a gindi, sai dai suna cin wuri a jaka. Hannun Xbox ya fi su shiga ko'ina, kuma ya isa ɗaukar ƙaramin jirgi Cessna 172 daga filin Accra (DGAA) zuwa na Kumasi (DGSI), tafiyar wajen awa ɗaya. Ƙirga kafofin USB masu faɗi kafin ka biya: sanda ɗaya, linzami ɗaya, kuma gara a ce akwai na uku ga SSD na waje. In suna gefen dama duka, wayoyin za su riƙa karo da hannun da ke riƙe da sanda.