Babi na 6: Motar Ford ta 1908

Darasi na 1

Toh jama'a, yau labarin wata tsohuwar mota za mu karanta, sunanta Model T. Kamfanin wani Ba'amurke mai suna Henry Ford ne ya ƙera ta a garin Detroit, ta fito a shekarar 1908.

Ku dakata nan. Kowa ya ɗora yatsa kan lambar, daga hagu: 1, sai 9, sai 0, sai 8. Sifili ne na uku, takwas ce a ƙarshe. Mu faɗa tare, dubu ɗaya da ɗari tara da takwas. In ka sa takwas kafin sifili ta zama 1980, ka ga ka rage wa motar shekara 72 ke nan. Kar kowa ya ji kunya, sannu a hankali hannu zai saba. A sake rubutawa: 1908. Sifili tukuna, sannan takwas.

Ita wannan mota feda uku gare ta, ta hagu giya, ta tsakiya ribas, ta dama birki. Totur kuwa ba a ƙafa yake ba, a hannu yake jikin sitiyari. Wajen tada ta wani lanƙwasasshen ƙarfe ake murzawa a gaba, in inji ya mayar da shi baya da ƙarfi har karya hannu yake yi. Abin da ya fi burge ni shi ne tankin mai, a ƙarƙashin kujera yake kuma babu abin da ke tura man, gangarawa kawai yake zuwa inji, shi ya sa in tudu ya yi tsayi sai direba ya juya ya hau da baya.

Yanzu wace shekara ta fito? Ba a duba sama. Haba jama'a, sau nawa zan faɗa, duk aji sai na tarar da 1980 a littafin mutane! Gaggawa ce ke jawo wannan, ba rashin kai ba. Wanda bai yi aikin gida ba dan Allah ya daina cewa biro ne. Sifili, sannan takwas. Layi biyar.

Darasi na 2

A 1913 aka fara jan motar a kan layi wajen haɗa ta a masana'anta, kowane ma'aikaci yana tsaye wuri ɗaya yana ɗaura abu ɗaya. A hankali kuɗinta ya sauko daga dala 850 zuwa ƙasa da 300. Ku kwafi lambobin.

Darasi na 3

An daina ƙera ta a 1927, an yi sama da miliyan 15. Ku karanta sau biyu.