Yadda ake ƙirga wuri irin na fataken da

Kakata a Bauchi, Allah ya jiƙanta, har ta rasu tana da wata ƙwarya cike da wuri a ƙarƙashin gado. Ita ta koya mini ƙirgarsa, ni ma yanzu da shi nake koya wa yarana lissafi. Kalmar "kuɗi" ma ai jam'in "wuri" ce.

Da farko ka nemi wurin. Ka leƙa wajen 'yan koli ko masu sayar da magungunan gargajiya a kasuwar Wunti ko Muda Lawal. Ka lura da na roba: ba shi da nauyi, kuma in ka girgiza shi a hannu ba ya wannan ƙara mai daɗi. Na gasken ma iri biyu ne. Akwai ƙarami, fari mai ɗan ƙullutu a baya, wanda ake kwasowa daga tsibiran Maldibs a tekun Indiya. Akwai kuma mai zoben ruwan ɗorawa a gadon baya, na gaɓar Zanzibar, wanda 'yan kasuwar Jamus suka riƙa jibgowa a jiragen ruwa tun wajen shekarun 1840, har ya karya darajar kuɗin.

Ka shimfiɗa tabarma, ka zube shi a gabanka. Mu nan Arewa ba a shirya shi a zare kamar yadda mutanen bakin teku suke yi, a warwatse ake ƙirga shi. Kada ka ɗauka ɗaya-ɗaya, za ka kwana a nan. Biyar-biyar ake ja da yatsu, a tura gefe. Ja sau huɗu, hauya ke nan, wato ashirin. Hauya biyar zangu, ɗari cif. Zangu biyu metan, a nan za ka yi tsibi ka matsar da shi nesa da gwiwarka. Tsibi biyar dubu. Daga nan sai a shiga zambar: zambar goma, zambar ashirin. Zambar ashirin ɗin shi ne keso guda, a ɗinke cikin tabarma, kayan ƙato ɗaya.

Ido a kan yatsu, baki a rufe. Ranar farko da na gwada, ina ja ina surutu, sai Kaka ta ɗan buge mini hannu da mafici: "Kai ɗan nan, huɗu ka ja. Da a kasuwa ne da ka ci mutum." Ta tarwatsa tsibin, na koma farko. Metan kawai nake nema, amma sai da aka kira la'asar.

In hannunka ya faɗa, gwada wannan. Baturen nan Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Ka ƙirga wannan adadin ka duba agogo, sannan ka tuna mai sayen doki sai ya ƙirga ninkin-ba-ninkinsa, mai sayarwa ma ya sake bi. Ni dai ina ganin gajiyar ƙirga da dako ta karya lagon kuɗin wuri tun kafin Gwamna Lugga ya hana shigo da shi a 1904.

In kun gama, ka sake ƙirga shi kafin ka mayar ƙwarya, musamman in akwai mai rarrafe a gidan. Namu autan ya taɓa cusa ɗaya a hanci.