Kurakuran da masu tara tsofaffin injinan faifai na Garrard suka fi yi

A Bauchi ba a shiga kanti a ce a ba ni injin faifai. Sai dai ka ji labarin yana can a sito a gidan wani tsohon ma'aikaci a GRA ko unguwar Railway, an ɗora masa katifa da buhunan tsofaffin takardu, ko ka ci karo da shi a hannun 'yan gwangwan kafin su fasa shi su auna ƙarfen. Da yawa daga cikinsu sun shigo gidajenmu ne a shekarun 1970, musamman bayan kuɗin Udoji, lokacin da ma'aikaci ya ga kuɗi a dunƙule ya sayi babur da rediyo mai faifai, irin dogon nan mai kama da akwatin aure. Ka ɗaga murfinsa, sau tari sunan da za ka gani a jikin injin Garrard ne ko BSR, ko da katakon na wani kamfani ne daban.

Garrard kamfanin Ingila ne da ke garin Swindon. Asalinsa reshe ne na maƙeran kayan ado na gidan sarautar Ingila. Kamfanin Plessey ya saye shi a 1960, aka sayar wa kamfanin Gradiente na Brazil a 1979, daga nan masana'antar Swindon ba ta daɗe ba ta rufe. Wato masana'antar da ta ƙera su ba ta nan balle ka aika ta turo maka abin da ka karya. Abin da na lura kuwa shi ne, shekara arba'in a cikin sito ba ta cika kashe waɗannan injina ba. Sa'ar farko a hannun sabon mai shi ita ce ke kashe su.

Kuskure na farko ni ma na yi shi, shi ya sa nake fara da shi: ka kawo inji gida, ko ƙura ba ka kaɗe ba, ka soka shi a wuta don ka ga ko yana aiki. Nawa hayaƙi ya yi, ɗakin ya gauraye da ƙauri. Ashe na kasuwar Amurka ne, mai cin wuta 120, tamu kuwa 230 ce. Kafin ka nemi soket, kifa injin a kan matashi ka karanta abin da aka rubuta a jikin moto. Wasu samfuran suna da wurin sauya ƙarfin wuta a ƙarƙashi, wasu kuma sai da taransifoma mai rage wuta. Duba wayoyin ma, domin robar jikinsu takan bushe ta ruɓe, ɓera kuma bai san Garrard ba.

Akwai abin da taransifoma ba ta gyarawa, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Saurin juyawar moton waɗannan injina ya dogara ne da bugun wutar, wato Hz. Namu 50 ne kamar na Ingila, na Amurka 60. Injin da aka yi wa 60, in ka sa masa wutarmu, maimakon juyi 33⅓ a minti zai riƙa yin kusan 28. Muryar mawaƙi ta yi kauri tana jan ƙafa kamar wanda aka tasa daga barci. Sai ka ga mutum ya kwance inji kaf yana neman laifin da babu shi. Maganin shi ne sauya ɗan fulin da ke kan sandar moto da na 50Hz, ba naɗa masa salatif ba. Haka kuma kada ka yanke wa inji hukunci da wutar ƙaramin janareta, wanda bugunsa ke hawa da sauka duk lokacin da aka kunna firji. Gwada shi da wutar NEPA ko inbata mai kyau, ka auna juyin da manhajar waya.

Na biyu shi ne ƙarfi. Ka murɗa makunni ya ƙi, ko hannun allura ya tsaya cak a sama, sai zuciya ta ce danna shi. Kada ka danna. Giris ɗin da aka shafa a Swindon shekara hamsin da suka wuce ya riga ya daskare ya koma kamar ƙaro, ga ƙurar hunturu ta haɗu da shi. Injinan Garrard masu sauya faifai da kansu sun yi suna a wannan matsala: babban giya mai juya hannu yakan manne a kan sandarsa. Ƙarfen da ke ƙarƙashi sirara ne, wasu sassan kuma roba ce da ta tsufa. Ka lanƙwasa ɗaya, sai dai ka nemi wani mataccen inji ka ciro.

Aikin na haƙuri ne. Ɗauki hoto da waya kafin ka kwance komai, kowane mataki hoto guda. Wanke tsohon giris da sifirit da auduga, wanda ya ƙi kuma ka ɗan ɗumama shi da na'urar busar da gashi har ya saki. Sannan ka sa sabon giris kaɗan inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, da ɗigon man keken ɗinki a bakin moto. Ɗigo na ce. Na taɓa karɓar wani inji da aka yi wa wanka da baƙin mai na mota, wani kuma man gyaɗa aka zuba masa, ya yi yauƙi yana wari. Feshin nan da makanikai ke kwance tsatsa da shi ma ba man shafawa ba ne, kwana kaɗan ya bushe ya bar ka inda kake.

Ka cire farantin da faifai ke hawa, za ka ga wata 'yar taya ta roba tsakanin moto da gefen farantin na ciki. Ita ce ran injin. Samfuran Garrard irin su 301, 401 da SP25 na farko-farko ba bel ke juya su ba, wannan tayar ce. Mai ko kaɗan bai kamata ya taɓa ta ba, haka ma gefen farantin da take gogawa. Zafinmu na Maris da Afrilu yana busar da ita ta yi tauri kamar ƙashi, in kuma an bar ta manne da moto shekara da shekaru sai ta yi kwarmi a wuri guda, ka riƙa jin ƙwas-ƙwas a kowane zagaye. Shi ya sa ba a kashe injin daga bango ko a bar shi a yadda yake in an ɗauke wuta. Mayar da makunninsa wurin kashewa, tayar ta janye. In ta riga ta mutu kada ka jefar, ƙarfen tsakiyarta ake sake yi wa sabuwar roba.

Sai maganar kuɗi. Yanzu kowa na da waya, mai sayarwa ya rubuta Garrard a intanet ya ga farashin da ya sa shi gyara zama, shi ke nan ya ɗauka ya tsinci dami a kala. Mai saye ma yakan faɗa wannan rami. Waɗancan masu tsadar su ne 301, da ya fito a 1954, da 401 da ya gaje shi a 1965, manyan injina masu nauyi da gidajen rediyo irin su BBC suka yi aiki da su. Abin da ya fi yawa a cikin rediyoyin gidajenmu ƙananan injina ne masu sauya faifai, waɗanda aka buga su ba adadi. SP25 yana tsakiya: inji ne mai kyau na fara koyo, amma ba na sayar da fili ba ne. Karanta lambar samfurin kafin ka buɗe baki. In kuma Allah ya haɗa ka da 301 ko 401 babu hannu babu katako, kada ka ce an yashe shi. Haka kamfanin ya sayar da su, mai saye ne ke nemo hannun da yake so, galibi na kamfanin SME, ya sa kafinta ya yi masa mazauni.

Allura kuwa, duk wadda ka tarar a jiki ka ɗauka ta mutu. Ido ba ya ganin cinyewarta, faifai ne ke ji, kuma abin da ta kankare ba ya dawowa. Kada ka gwada ta a kan faifan da ba za ka sake samun irinsa ba, musamman na waƙoƙin Hausa da ba a buga da yawa ba tun asali. Kamfanin Shure ya daina yin kan allura, wato ɗan akwatin da allura ke maƙale a jikinsa a bakin hannu, a 2018, amma kamfanin Audio-Technica na yi har yanzu. Al'adar nan ta ɗaure kwabo a kan hannu don kada allura ta yi tsalle, wadda muka taso muka ga yayyenmu na yi, noma ce kawai ake yi a cikin faifai. Yawancin kan allura mai maganaɗisu giram 2 zuwa 3 ya ishe shi. In yana tsalle, ko faifan ya yi datti, ko injin bai zauna daidai ba, ko hannun ya cije. Faifan garmaho mai juyi 78 kuma allurarsa daban ce, ta fi kauri, kuma sifirit na narkar da shi. A wanke shi da ruwa da ɗan sabulu kaɗan, a kiyaye takardar tsakiya.

Wani ya kawo mini ƙara cewa injinsa ba shi da murya. Na je na tarar ya soka shi a ramin AUX na irin lasifikokin zamani. Kai mai maganaɗisu sautinsa ƙanƙane ne, sai ya bi ta ramin da aka rubuta PHONO, ko ta ƙaramin akwatin da ke ƙara masa ƙarfi. Kan da ke cikin tsofaffin rediyoyi kuma na siramik ne, shi in ka kai shi PHONO sai ya yi ta kwarmato. Gurnanin da ba ya yankewa kuwa yawanci siririyar wayar nan ta ƙasa ce ba a ɗaura a bayan amfilifaya ba.

Wajen ɗauko shi ma ana ɓarna. A Keke Napep ko bayan mota a hanyar Jos, faranti mai nauyi na dukan sandarsa a kowane rami. Cire farantin in yana ciruwa, ɗaure hannu, ƙulle sukurorin da ke riƙe injin lokacin tafiya. Ka isa gida ka tuna ka sake su, in ba haka ba injin ba zai yi lilo a kan sifirin ɗinsa ba, duk takun da aka yi a ɗaki sai ka ji shi a lasifika. Faya-fayai a jera su a tsaye, nesa da taga da rufin kwano. Rabin yini a cikin motar da aka rufe a rana ya isa ya mayar da faifai kamar kwanon tuya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kwalliya. Mutum ya samu 301 mai ruwan toka na farko-farko ko mai ruwan madara, ya ga fentin ya ɗan kuje, sai ya kai wa mai fentin mota. A goge rubutu, a cire farantin lamba, ya dawo yana ƙyalli kuma rabin darajarsa ta tafi. Garin neman gira an rasa ido. Tsumma mai laushi da ruwan sabulu sun wadatar. Ƙarafan da ke ƙarƙashin 301 ma kada a kankare su da samfefa, an lulluɓe su da wani sinadari mai guba da ake kira kadmiyam, ƙurarsa ba ta shaƙa ba ce.

Mafi yawan waɗannan injina kayan gado ne, wannan kuma ba a intanet za ka karanta shi ba. Yaro ya kira ka da yamma ya ce akwai na marigayi Baba, zo ka ɗauka kafin gari ya waye, to ka dakata. Je ka da rana, ka gaida uwar gida, ka ce, "Hajiya, da saninku za a sayar?" Ka tabbatar magada sun yarda. Bayan kauce wa haƙƙi, akwai wata riba: ita ce ta san inda sauran kayan suke. Doguwar sandar tsakiya ta jera faifai, 'yar robar da ake sa wa faifan juyi 45 mai faɗin rami, littafin injin, da ɗan farantin da kan allura ke zama a kai a wasu samfuran, wanda in babu shi hannun ba shi da amfani. Na ƙarshe da na saya, a cikin gwangwanin alawa Hajiya ta fito mini da su, haɗe da maɓallai da zare.